Barkar da Ka Amsa a Ƙofar Gida

Zuwa ga yayana Lawali, a duk garin da wannan wasiƙa ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana lafiya, kai da duk wanda kake zaune da shi, idan akwai. Ina gajiya, yaya aiki, yaya baƙunta? Da na ce yaya karatu, tunda haka aka saba tambayarka, amma yau ba zan tambaya ba.

Na sa wannan wasiƙa a shafina inda kowa zai gani, kuma da gangan na yi. Lambar da ka kira ni da ita bara ta mutu, kamar waɗanda suka gabace ta. Amma na san kana leƙowa nan. Akwai wani marar hoto, mai sunan da ba suna ba, da ke bin duk abin da na rubuta. Bai taɓa cewa uffan ba, sai ranar da na sa wani aikin lissafi na ɗalibaina da kuskure a ciki. Ya rubuto: "Layi na huɗu." Ba sallama, ba sai an jima. A duniyar nan mutum ɗaya ne zai yi mini haka.

To, ga maganar. Inna tana kwance, kuma ina so ka dawo gida tun tana gane mutane. Na san ba nisan hanya ya tsare ka ba. Abin da ya tsare ka wata barka ce da ka amsa a ƙofar gidanmu, shekarar da muka zauna bak, jarrabawar gama sakandare, tare. Yaran da aka yi sunansu a daminar nan yanzu sun shiga kwaleji, kai kuwa har yau kana ɗaure da barkar nan. Yau zan kwance ta a gaban jama'a. Zai yi maka zafi, kuma ban damu ba.

Ka tuna tablon, baƙin allon nan, da ka yi a bangon zaurenmu, ta waje, ɓangaren da ke kallon dogon yaro? Ka tara matattun baturan rediyon Baba, ka fasa su, ka daka baƙin garin da ke ciki, ka kwaɓa da ƙaro, ka shafe bangon daga bisa har ƙasa. A lokacin ka faɗi bak sau biyu, lise, babbar sakandare, ta sallame ka, ka dawo ƙauyenmu na bayan Tabotaki da kwalin littattafai. Ka ce za ka sake zama da kanka, ba da sunan wata makaranta ba. Ni kuma ina shirin shiga tarminal, ajin ƙarshe. Mu biyu kaɗai ne daga ƙauyen muka taɓa kaiwa lise a Madawa, kuma ni, a ganin mutane, rakiya na yi maka.

Hutun damina ne. Da safe muna gona, bayan azahar muna gaban bango. Hannuna ya yi kanta da hauya, alli yana zame mini, kai kana bayana da tsumma a cikin ƙwarya. Dattawa suna zaune a inuwar dogon yaro suna kallonmu kamar masu kallon dambe. Ba su san ko harafi ɗaya na abin da ke bangon ba, amma sun ga wanda ke tsawa, sun ga wadda ake yi wa. A nan suka sa maka suna Injiniya.

Ka tuna ranar turmi? Ka ba ni wani aikin lissafi, fonksiyo, in bi ta daga farko har zane. Na kife turmin Inna na hau, don in fara daga saman bango. Na fitar da limit, na fitar da deribe, na ja teburin inda take hawa da inda take sauka, na sauko daga turmi, na durƙusa, na zana ta a can ƙasa kusa da tururuwa. La'asar ta yi, wuyana ya ƙage. Ashe tun a layi na biyu na yar da alamar ragi, kuma ka gani. Ka gani tun ina kan turmi, ka yi shiru, ka bar ni na cika bangon. Sai da na juyo ina murmushi ka miƙo mini jiƙaƙƙen tsumma.

"In layin hwarko ya ɓaci, duk abin da yab biyo ɓatacce na, komi kyaunai. Goge."

Na ce a bar ni in gyara alamar, in bi in canza abin da ta taɓa. Ka ce lissafi bai san a yi haƙuri ba. Na goge ina kuka, ruwan baƙi yana bin gwiwar hannuna, dattawa suna dariya. Maigari ya ce maka: "Injiniya, bar ɗiyag ga ta tai ta yi daka, kana wahal da kanka." Ba ka ce masa komai ba. Wannan shirun ya fi mini tsumman ciwo.

Haka muka yi duk daminar, da ƙaramin hutu, da watannin zafi da ka biyo ni Madawa gidan mai masaukinmu. Goge. Goge. Na kan ji kalmar ina wanke-wanke, in waiga ba kowa. Na tsane ka a lokacin, Yaya, tsana ta gaske, irin wadda mutum ke jin kunyar kai ta gaban Allah. Kuma duk da haka ban taɓa ganin wanda alli ya dace da hannunsa kamarka ba. Idan ka kama antegiral, sai ta kwanta maka kamar akuyar gida.

Mushenmu, malaminmu na lissafi a lise, wani abu dabam yake gaya mana. Ya ce ranar bak ba ranar nuna gwaninta ba ce. Ya ce mu tsinci maki kamar masu kala a gona bayan girbi, wanda ya yi tauri a tsallake shi, a dawo masa in lokaci ya rage. Da na kawo maka wannan magana, ka yi tsaki, ka ce kala aikin tsofaffi ne, mai gona damma yake ɗaurewa.

Ranar takardar lissafi, ɗakinka yana kallon nawa, fili ne tsakani. Ina tsakiyar babban aikin ƙarshe, wanda ya fi kowanne maki, sai na ga na yi kuskure tun a sama. Wallahi hannuna da kansa ya tafi zai duƙunƙune takardar. Muryarka na ji a kunnena. Na ɗaga kai in nemi sabuwa, sai na hango ka ta taga, hannunka a sama, mai tsaro yana miƙa maka farar takarda. Na dubi agogon bango. Na ɗauki biro na ja layi a kan kuskuren, na rubuta daidai a gefe, na bi na gyara duk inda ya taɓa, na ci gaba.

Da muka fito na gaya maka abin da na yi. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce na kai wa mutane turken awaki. Kai kuwa aikin farko ka yi ta sakewa har ya fito tas, ko ɗigo babu, kuma babban aikin ko taɓa shi ba ka yi ba. Haka ka yi a zama na farko, haka ka yi a na biyu. Ba lissafi ne ya kayar da kai ba, ka fi masu gyaran takardar iya shi. Tsummanka ne ya kayar da kai.

Ranar faɗin sakamako muna tsaye a filin makaranta, shugaban juri, kwamitin jarrabawa, yana kan tebur da lasifika. Aka kira sunana a rukuni na farko. Ban yi tsalle ba, ban yi kuka ba, na tsaya ina sauraron naka. Aka gama rukuni na farko. Aka karanta na biyu, masu komawa a sake gwada su. Aka kashe lasifika. Ka juyo ka ce mini: "Tai ki ɗauko kayanki." Wannan ita ce barkar da na samu daga bakinka, kuma har yau ba ka ƙara mini wata ba.

Washegari ƙoramar bayan Buza ta kawo, motar kasuwa ta tsaya jiran ruwa ya janye. Muna zaune a bakin ƙorama, labari ya riga mu. Mai masaukinmu ya kira mai shagon ƙauye ya ce a gaya wa Baba, Malam Garba, gidansa an ci bak. Bai faɗi suna ba, kuma ba wanda ya ga dalilin tambaya. Mutanen da suka yi damina guda suna kallon wanda ke tsawa da wadda ke goge bango, me za su tambaya?

Da muka iso, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin tablonka. Maigari ne ya fara kama hannunka da hannu biyu. Na ga ka sunkuya ka yi wa Baba raɗa. Na ga fuskar Baba. Na ga ya ɗora hannu a kafaɗarka ya danna ka har ka zauna.

"Amsa masu. Gida guda na."

Ni kuma ya ce in shiga ciki in kama wa uwata aiki. Ka zauna, Yaya. Ka buɗe baki sau ɗaya, ka rufe. Aka ce barka, ka ce barka kadai. Aka sake cewa, ka sake amsawa. Kafin a jima muryarka ta saba. Baba ya sa aka kayar da rago, ya fito maka da rigarsa ta Idi. Iyakar abin da ka sani game da ranar nan ke nan, domin a waje kake, kuma namiji ba ya shiga cikin gida ranar da mata suka cika shi.

Ga abin da ya faru a bayan bangon da ka jingina.

Inna tana bakin murhu. Ta dubi fuskata ta ce: "Wa yac ci?" Na ce ni. Ta gyara itace. Matar maigari ta shigo tana barka da arzikin Injiniya, sai Inna ta kamo hannuna ta tsayar da ni a gabanta.

"Wagga ita tac ci. Wancan Allah bai nuhe shi ba."

Wancan, kai ke nan. Ka san Inna da kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kama sunanka ba. Amma ƙarya ma ba ta taɓa iyawa ba. Duk macen da ta shigo, haka ta gaya mata, kalma ɗaya ba ta canza ba. Guɗar da ka ji tana tsallako katanga, wadda ka sunkuyar da kai kana amsawa da murmushi, a kan kaina aka yi ta. Kafin magariba kowace mace ta koma ɗakinta da labarin, kuma kowane miji ya ji shi kafin ya wanke hannu daga tuwo.

Ka gane, ko in sake daga farko? Yini ɗaya kawai ƙauyen nan ya yi yana zaton kai ka ci. Yini ɗaya, Yaya. Mazan da suka dawo washegari, waɗanda suka fi na jiya yawa, ba barka suka zo yi ba. Sun zo su gani ko za ka sake amsawa, kuma ka amsa.

Baba ma ya sani. Inna ta gaya masa da safe cewa ta faɗa wa mata gaskiya. Ya ce an riga an yanka rago. Allah ya jiƙan Baba, mutumin kirki ne, amma bai taɓa iya jan layi a kan maganarsa ya rubuta daidai a gefe ba. A wajensa ka gada. Ya hana mu gaya maka, ya ce idan ka ji ba za ka iya fita masallaci ba. Shi a ganinsa asirinka yake rufawa.

Sauran daminar nan ka yi ta cikin farar riga, Baba ya hana ka gona. Kana fita majalisa bayan la'asar, su matsa su ba ka wuri. Su tambaye ka me za ka karanta a jami'a, ka ce aikin gada. Maigari ya ce to alhamdu lillahi, ƙoramar nan da ke raba mu da kasuwa ta samu maganinta. Ka ɗauki kara ka zana musu gadar a ƙasa, ka nuna musu inda ƙafafunta za su tsaya, ka yi musu bayanin nauyi da ƙarfin ruwa. Suna gyaɗa kai, suna ƙara tambaya. Ina dawowa daga rijiya da tulu a kai, na ga na bayanka suna taɓa juna da gwiwar hannu. Da ka tashi, ko kwanar masallaci ba ka sha ba suka fashe.

Kada ka jira in ce na yi laifi da na yi shiru. An karɓe mini abin da na tsaya a kan turmi na samu, an sa maka a wuya, kuma ko kallona ba ka yi ba duk daminar. Da lokacin tafiya jami'a a Yamai ya zo, ina ji Baba yana gaya wa maza: "Ita za ta bi shi ta riƙa yi mai tuwo." Kana wurin. Nan ma shiru ka yi, kamar ranar daka.

Aka raka mu mota, aka yi maka addu'a. Muka wuce Buza. A tashar Madawa ka sa jakata cikin motar Yamai, ka tsaya a ƙasa. Na ce ka shigo za a tashi. Ka ce in riƙe karatu da kyau, in daina jan layi. Na leƙa ta taga na ga bayanka, da rigar Idin Baba a naɗe ƙarƙashin hammata. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Ba ka tafi Abijan ba, don can duk unguwar da ka shiga za ka yi karo da ɗan ƙauyenmu. Ka nemi inda kake zaton ba Ba'adare irinmu, kamar akwai irin wannan wuri a duniya. Daga can kake kiran Baba jefi-jefi. Karatu na tafiya, saura kaɗan. Shekara ta zagayo, saura kaɗan. Ka tuna layin nan da ka koya mini a bango, mai ta matsowa kusa da sanda har abada amma bai taɓa isa gare ta ba? Duk shekarar da na koya wa ɗalibaina shi, sai na tuna saura kaɗan ɗinka. Baba yana fita majalisa ya ce Injiniya ya yi kira, a ce masa madalla, Allah ya sa a gama lafiya. Kowa ya sani, shi ma ya san sun sani. Haka suka yi ta yi da shi har ya kwanta ciwon ajali.

Ba ka zo jana'izarsa ba. Ka ce mini ana tsakiyar jarrabawa. Ni ka gaya wa haka, ni da na ga bayanka a tashar Madawa. Na fara cewa Yaya, tsaya ka ji, sai ka kashe wayar. Duk lokacin da na kai bakin maganar nan haka kake yi, sannan lambar ta mutu. Shi ya sa yau na kawo ta inda ba ka da abin kashewa.

Bari in ƙarasa maka, tunda na fara. Haruna ɗan gidan maƙera ya gan ka. Aikin jirgin ruwa ya kai shi garin da kake, ya tarar da kai a bakin tasha da teburin shayi. Ka gane shi, ka ja hula ka sunkuyar da kai, ka yi masa Faransanci. Shi ma ya amsa maka da Faransanci, ya sha shayinsa ya tafi. Na san ka yi ajiyar zuciya, ka ce ka tsira. Tun bai sauke jakarsa ba ya ba da labarin a majalisa, har yana kwaikwayon yadda kake ɗaga buta. Ya ce shayin Injiniya ko ɗigo ba ya zuba a ƙasa.

Gada kuwa ba a yi ba. Duk damina ƙorama tana kawowa, motoci su yi layi, mata su zauna kan buhunansu. Ka san abin da ake cewa? A jira Injiniya. Yaran da ba su taɓa ganinka ba suna faɗa. Idan tuwo ya ƙi nuna, a jira Injiniya. Idan mai aure ya yi jinkiri, a jira Injiniya. Ni ma an sha faɗa a gabana, a saci kallona a ga ko zan tanka.

Wannan ne abin da ka bar uwarka dominsa. Ka ƙi ganin gawar ubanka, ka tsufa a bakin tashar mutane, duk don ka tsare asirin da ya tonu tun ragon bai gama dahuwa ba. Kai da ka fi kowa sanin abin da ke faruwa idan layin farko ya ɓaci, ka cika bango tun daga sama har ƙasa a kan layin da Baba ya rubuta maka. Wannan karon ni na gani tun kana kan turmi, kuma na yi ta kiranka, kai ne ka ƙi waigowa.

Na gama dukan. Hannuna ma ya gaji.

Yanzu ina koyar da lissafi a wata lise a Keita, 'yan tarminal nake riƙe da su. Idan na kama alli, hannunka nake gani. Yadda kake ja wa sakamako gida mai kusurwa huɗu, yadda kake karanta tambaya sau biyu kafin ka taɓa bango, duk na kwashe. Ɗalibaina suna cewa ina hango alamar ragi da ta ɓace tun daga bakin ƙofa, ba su san wanda ya sa mini idon ba. Bak ɗin nan da aka yi rikici a kansa, gaskiya ni na ci shi, amma ba don kai ba da ban san inda zan ja layin ba. Ka koya mini ganin kuskure. Abin da za a yi da shi bayan an gani ne kawai ba ka sani ba.

Saboda haka ba zan miƙo maka tsumma ba, Yaya. Shekarun nan ba sa goguwa, kuma ba wanda zai ba ka farar takarda. Ja layi kawai. Ka rubuta a gefe cewa ba ka ci ba, kana sayar da shayi, ka ci gaba. Na riga na rubuta maka shi a nan, kowa ya karanta, ba sauran abin da za ka faɗa da bakinka. Za su yi dariya ranar da ka sauka daga mota, ba zan ruɗe ka ba. Za su yi ta kwana biyu, sannan su gaji, don ba daɗin tsokanar wanda ya riga ya sani. Maigarin nan ya rasu, rabin 'yan majalisar sun bi shi. Waɗanda suka rage haƙoransu sun zube, ko dariyar ba ta fita da kyau.

Tablonka yana nan. Duk shekara idan an zo yaɓen zaure, Inna takan fito ta tsaya a kan masu aiki, ta ce a kewaye baƙin wurin. Ba ta taɓa cewa don me ba, ba wanda ya taɓa tambaya. Ruwa ya wanke shi ya koma toka-toka, amma alli yana kama shi har yanzu, na gwada.

A duk shekarun nan Inna ba ta taɓa tambayata kai a gaban mutane ba. Idan ka yi kira, takan sami abin yi kusa da ni, ta yi ta tsintar wake da aka riga aka tsince, har in ajiye wayar. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba: "Can ana ruwa?" Na san ka ɗauka ba ta damu ba. Wataƙila yanzu da ka ji ita ta faɗa wa mata, za ka ce ita ta tona ka. Ita kaɗai ce a gidan nan ta ja layi a ranar, da sauran mun bi ta da ba ka je ko'ina ba.

Ƙafafunta sun kumbura tun kaka. Mun kai ta asibiti, suka duba, suka ce mu mayar da ita gida mu riƙa ba ta abin da take so. Ka san ma'anar wannan. Na ɗauki hutu na dawo ƙauye, ni ke jinyarta.

Ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi, ina ba ta kunu, ɗakin cike da ƙannenta da matan maƙwabta. Ta kurɓa sau ɗaya ta ture ludayin. Ta dubi ƙofa, ta ce, da muryar da kowa ya ji:

"Lawali ya ci wani abu?"

Gwaggo ta rufe baki da gefen zane. Na zaci ruɗewar ciwo ce, na ce Inna, me kika ce? Ta dube ni da idonta garau, ta gane ni sarai, ta sake faɗa. Lawali. Tun da ta haife ka ba ta taɓa furta shi ba, ko a ɗaka, ko a bayan idonka. Ta riƙe shi a baki fiye da shekarun da na yi a duniya, ranar Juma'a ta sake shi a gaban mutane. Ita ta ajiye tata kunyar, don ta san ba ta da sauran lokacin riƙe ta. Saura taka.

Na ce mata ka ci, Inna. Kada ka bar ni in sake amsa mata a madadinka, amsar wani a bakin wani ta ishe mu a gidan nan.

Allah ya ba Inna sauƙi, ya ara mata kwanakin da za su kai ka ƙofar ɗakinta. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa hannun da ya ɗora a kafaɗarka. Allah ya sassauta maka zuciyarka a kan kanka, ya buɗe maka hanya, ya tsare ka daga sharrin mota da na bakin mutane. Ruwa bai sauka ba tukuna, ƙorama a bushe take, mota tana kaiwa har ƙofar gida. Idan ka iso kada ka tsaya a zaure, ka wuce ciki kai tsaye.

Wassalam.

Ƙanwarka mai jan layi,
Habsu